Fentin motar Baba: a goge shi ko a sake sabo?

Autan Baba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban taɓa cewa uffan ba, yau dai larura ta sa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Volkswagen Beetle ƙirar 1966, ja. Shekara 14 tana gareji ba ta motsa ba, tun da ciwon ƙafa ya hana shi tuƙi. Watan jiya na kawo bakanike, aka wanke tanki, aka gyara burki, aka sa tayoyi, inji ya tashi lafiya lau. Saura jiki.

Rufin da bonet sun koɗe, jan ya koma kamar an barbaɗa masa alli. In ka shafa da yatsa sai ka ga gari a hannunka. Akwai ƙarce a madigadin baya, da tsatsa kamar faɗin farce a wuri uku. Sannan a saman ƙofar direba, daidai inda Baba yake ɗora hannu, fentin ya suɗe har ana ganin na ƙasa.

Yayana ya ce a kai wa mai fenti a kankare ta kaf a fesa sabo, ta fito kamar daga kamfani. Ni kuma duk sanda na kalli wurin hannun nan sai jikina ya yi sanyi. Me kuke gani?

Oga Mai Fenti:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ƙanena, Yayanka ya faɗa maka gaskiya. Shekarata 31 da bindigar fenti a hannu. Fentin da ya fara zubar da gari ya gama aikinsa. Amfanin fenti kare ƙarfe ne, ba tarihi ba. A kankare, a kashe tsatsa, a sa faraima (fentin shimfiɗa na farko), a fesa ja, a bi da kiliya (garau ɗin da ake fesawa a sama). Ka samu shekara 20 ba ka sake tunaninta ba.

Alhaji Mai 404:
Auta, don Allah kada ka bari kowa ya kusance ta da samfefa tukuna. Oga, ka yi haƙuri, ba raina sana'arka nake ba. Amma fenti sabo ko gobe ana iya fesawa, ko shekara 10 nan gaba ana iya fesawa. Wanda aka fesa a masana'antar Volkswagen ta Wolfsburg a Jamus a 1966 kuwa, in ya tafi ya tafi ke nan, duk duniya babu mai dawo da shi. Abin da ba ya gyaruwa in an yi, ba a yi masa gaggawa.

Kafin komai ma, ka tabbatar fentin na asali ne. Ɗaga robar gilashi kaɗan da farce ka leƙa. Duba robobin ƙofa, da wayoyi, da kan kusoshi, da siririyar robar da ke tsakanin madigadi da bodi. In an taɓa fesa ta a waje, za ka ga burbushin ja a inda bai kamata ba, ko layin da tef ya bari. Masu fenti ba sa iya ɓoye wannan gaba ɗaya.

Oga Mai Fenti:
Masu fenti na banza, Alhaji. Ni in na yi, sai dai ka rantse.

Ɗan Tsokana:
Ni tambayata ɗaya ce. A Boswaja wanne ne bonet, na gaba da babu inji ko na baya da babu kaya? 😂

Autan Baba:
Na gaba nake nufi, Malam. Shi rana ta fi duka ta tagar garejin.

Malamin Kimiyya:
Bari in ɗan yi bayanin garin da kake gani a yatsa, don a kansa maganar ta tsaya.

Motocin yanzu fentinsu hawa biyu ne a saman faraima: kalar, sannan wani garau a kanta wanda masu fenti ke kira kiliya. Wannan tsarin bai game duniya ba sai a shekarun 1980. Taka kuwa hawa ɗaya ne, kala da sheƙi a cakuɗe. Hasken rana da iska suna cinye sinadarin da ke riƙe da ƙwayoyin kalar a can sama, sai ƙwayoyin su saki su zama gari. Ja ya fi kowace kala saurin nuna haka. Amma abin da ya mutu fatar sama ce kawai, siririya ƙwarai. A ƙarƙashinta sau da yawa jan yana nan da ransa.

Ga gwaji. Samu farin tsumma mai laushi, ɗiga masa man goge mota mara kaifi, ka murza wani lungu da ba a gani, kamar cikin bakin ƙofa. In tsumman ya yi ja, hawa ɗaya ne. In bai ɗauki kala ba, akwai kiliya, wato wani ya taɓa fesa ta.

A nan ne Oga yake da rabin gaskiya. Kiliya in ta fara ɓarewa kamar saɓar maciji, babu magani sai sabon fenti. Fenti mai hawa ɗaya kuwa yana farfaɗowa. Ciwon da ake gani iri ɗaya ne a ido, amma ba cuta ɗaya ba ce.

Oga Mai Fenti:
Rabin gaskiya ma an gode, Malam. Amma ka faɗa masa kaurin fentin, don kada ya ɗauka rijiya ce da ba ta ƙarewa.

Malamin Kimiyya:
Wannan kam haka ne. Fentin kamfani gaba ɗayansa, har da faraima, yawanci tsakanin maikiron 100 ne zuwa 150. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kusan kaurin takardar rubutu ke nan. Kowace guga tana ɗebe wani abu, kuma ba ya tsirowa. A kan gefuna da ƙusoshin bodi ya fi siranta, domin fenti yana gudu daga kaifi tun yana ɗanye.

Akwai ɗan na'urar auna kauri da ake ɗorawa a jikin ƙarfe ta nuna lamba. In ka samu aro, auna kowane ɓangare wuri biyar ko shida ka rubuta. In wani wuri ya haura 250 ko 300, an ƙara fenti. In ya doshi 1000, fila ce a ƙasa, wato ƙullun da ake cike lotsawar bodi da shi. In babu na'urar, ɗan maganaɗisu mara ƙarfi a naɗe cikin ƙyalle zai nuna maka inda fila take, don ba ya kamawa sosai a wurin.

Hajiya Mai Marsandi:
Ɗana, saurari tawa ka ɗauki darasi. Ina da Marsandi 230E ƙirar W123 ta 1982, fara. Fentin asali ne, ya ɗan dushe kawai. Na kai ta wani wurin masu goge mota, na ce a taɓa ta da hannu. Na tafi na dawo bayan awa uku na tarar yaro ya hau ta da injin guga mai juyawa da man kaifi. Daga nesa tana walƙiya, har na fara murna. Da na matso, duk layin da ya bi gefen bonet da saman madigadi ya cinye, toka-tokar faraima ta leƙo. Garin neman gira aka rasa ido.

Mai wurin ya ce ai ba komai, zai fesa min bonet ɗin. Na yarda don ba yadda zan yi. Yau shekara 6, bonet fari ƙal, ƙofofi fari mai ɗan rawaya irin na tsufa. Duk wanda ya gani sai ya tambaye ni ko na yi hatsari. Ban taɓa buga ta da komai ba.

In za ka taɓa motar nan, da hannunka, kai kaɗai, kuma ranar da ba ka sauri.

Autan Baba:
Subhanallah. Hajiya na gode, wallahi da ma akwai wanda ya ce zai zo da inji ranar Asabar. Na fasa.

Oga Mai Fenti:
Hajiya, wannan ba laifin inji ba ne, laifin hannun da ya riƙe shi ne. Amma ni abin da ke ba ni mamaki da ku, yaushe tsufa ya zama ado? Da can mutum kunya yake ji a ga motarsa ta koɗe. Yanzu an sa wa koɗewa sunan Turanci ana tinƙaho da ita. Gobe sai ku ce kada a canza tayar da ta fashe don ta asali ce.

Alhaji Mai 404:
Oga, ai Turawan ma da irin ra'ayinka suke da shi. Gasar baje kolin tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Kalifoniya, wadda aka fara a 1950, shekara da shekaru motar da aka tarwatsa aka sake ginawa ita ke ci, har ta fi yadda ta fito daga kamfani sheƙi. Sai daga baya suka farga cewa suna goge shaida da hannunsu. In kowace mota an sake ta, wa zai san yadda kamfanin ya yi fentinsa, da inda ya yi kauri, da inda ma'aikaci ya bari ya ɗan zuba? A 2001 suka buɗe rukuni na motocin da ba a sake ba. A 2024 kuma, karo na farko, mota daga wannan rukunin ta lashe babbar kyautar gaba ɗaya: Bugatti Type 59 ta 1934, wadda Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya taɓa mallaka. Da ƙarcenta da tabonta ta doke waɗanda aka kwashe shekaru ana gogewa.

A Amurka ma, motar farko da aka sa a rajistar motocin tarihi ta ƙasar a 2014 ita ce Shelby Cobra Daytona Coupe ta 1964 da ke gidan tarihin Simeone a Filadelfiya, kuma ba a sake ta ba.

Ɗan Tsokana:
Akwai ma wadda aka tsamo daga ruwa ko? Na ga hotonta, rabinta kifi ya cinye.

Alhaji Mai 404:
Bugatti ce ita ma, ta 1925. Ta shafe sama da shekara 70 a ƙasan tafkin Maggiore, tsakanin Italiya da Suwizalan, aka ciro ta a 2009. Wani Ba'amurke mai tara tsofaffin motoci, Peter Mullin, ya saye ta ya ajiye a gidan tarihinsa yadda take.

Oga Mai Fenti:
Yauwa, ka kawo ni inda nake so. Ajiye ta ya yi, ba hawa ba. Waɗannan motocin a ɗaki suke mai na'urar daidaita iska, ana shafa su da safar hannu. Yaron nan tuƙa tasa zai yi, ruwa ya dake ta, rana ta gasa ta, tsuntsu ya yi mata kashi. Kuma ba Bugatti ba ce, Beetle ce, an ƙera sama da miliyan 21. Wace shaida ce za ta ɓace in an fesa guda ɗaya?

Hajiya Mai Marsandi:
Miliyan 21 ɗin, guda nawa ne ke da sawun hannun babansa a ƙofa?

Oga Mai Fenti:
To, Hajiya. Nan kam ba ni da amsa.

Amma ku bar ni in faɗi abin da na sani, don na ga an bar jaki ana dukan taiki. Kuna ta maganar rufi da bonet, ni tsatsar nan uku ce ta dame ni. Auta, ka duba da kyau. In dutse ne ya fasa fenti tsatsa ta hau daga sama, wannan ƙaramin abu ne. In kuwa fentin ya kumbura kamar ƙurji, daga ciki take cinyowa, kuma abin da kake gani kaɗan ne kawai daga ɓarnar. A Beetle, ka ɗaga kujerar baya ka cire batir ka kalli ƙasan wurin, ruwan batir yana huda shi. Ka duba dogayen bututun ɗumi da ke ƙarƙashin ƙofofi dama da hagu, su ne ƙashin bayan bodin. Ka duba ramin safaya a gaba. In waɗannan sun ruɓe, duk wannan muhawara ta fenti wasa ce.

Alhaji Mai 404:
Wannan magana ta Oga a rubuta ta. Ni ma iyakata ke nan: koɗewa a bar ta, ƙarce a bar shi, tsatsa mai rai kuwa ba a yi mata kara.

Mai Pickup 78:
Ni shawarata mai sauƙi ce. A wanke ta, a fesa kiliya a kan tsohon fentin yadda yake. Ka ga an tsira da kalar Baba, an kuma samu kariya. Kowa ya samu nasa.

Oga Mai Fenti:
A'a. Wannan ko ni da nake neman aiki ba zan karɓa ba. Kiliya ba ta kama gari. Kafin ta kama sai an ci fuskar fentin da samfefa, ka ga an riga an ɓata abin da ake son karewa. In ba a yi haka ba, shekara biyu ta fara tashi, kuma ranar da za a cire ta da tsohon fentin za ta tafi. Sannan tsatsar da aka rufe a ƙasa ba barci take ba.

Mai Pickup 78:
To dafaffen man linsid fa, wanda ake shafa wa katako? Na ga masu tsofaffin a-kori-kura suna shafawa.

Malamin Kimiyya:
Suna yi, kuma yana fito da kala nan take. A kan motar da rabinta tsatsa ce ba ni da ja. A kan fenti mai rai kamar na Auta ban so. Yana daɗewa yana danƙo, ƙura ta manne, yana rawaya, kuma in ya bushe ya taurare cire shi aiki ne. Wani abu kuma da ba wasa ba: tsumman da ya jiƙe da man linsid in aka dunƙule aka jefar, yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama da wuta. A shanya shi a buɗe ko a tsoma a ruwa.

Tun da an zo kan haɗari, tsofaffin fentin mota da yawa akwai dalma a cikinsu, musamman rawaya da ruwan lemo da wasu jajaye, da kuma faraima. Duk wanda zai kankare, kada ya yi a bushe ba abin rufe hanci na kirki, kada kuma yara su kasance a wurin.

Baban Zaure:
Jama'a ana ta faɗa wa yaro abin da ba zai yi ba. Wani ya faɗa masa abin da zai yi mana.

Alhaji Mai 404:
Gaskiyarka, shugaba. Auta, ga yadda na yi wa tawa, Fijo 404 ta 1968, kuma ita ma ta zo min da alli a rufi.

Ka fara ɗaukar hoto ko'ina, kafin ka taɓa komai. Sai wanki a inuwa, bodi da sanyi. Ka kwarara ruwa da yawa tukuna ƙurar shekara 14 ta sauka da kanta, don ita ce samfefar farko. Bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota ɗaya na ɗauraye soso. Ban da garin sabulun wanki, ban da buroshi. Ka tsane ta da tawul mai laushi, dannawa ba gogawa ba.

Daga nan ba man kaifi za ka nema ba. Tsohon fenti mai hawa ɗaya yana da ƙishi. Akwai mai na musamman mara yashi a ciki, ni Meguiar's lamba 7 na yi amfani da shi, masu tsofaffin motoci sun daɗe da saninsa. Ka shafa da kauri a ɗan wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, ka murza da tawul a hankali, ka bar shi ya sha, ka goge. Tawul zai yi ja, kada ka firgita, mataccen ne ke fita. Rufin tawa sau huɗu na yi masa cikin mako biyu kafin ya daina shanyewa. Ka fara da wurin da ba a gani, in ya yi kyau ka ci gaba. Gefuna da layuka ka manna musu tef ko ka tsallake su.

In kala ta dawo, ka tsaya. Nan ne mutane ke faɗawa rami, sun ga ta yi kyau sai su ce bari a ƙara kaɗan. Ba za ta yi sheƙin sabuwar mota ba, wani sheƙi ne mai zurfi, mai laushi, kamar na tsohuwar fata da hannu ya daɗe yana shafawa. Sai ka rufe da kaki. Na karnuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya a Barazil, yana da kyau amma sai ana sabuntawa bayan 'yan watanni.

Malamin Kimiyya:
In ƙara a kan kakin. Wurin hannun Baba da ya suɗe, faraima tana shan danshi, ba za a bar ta tsirara ba. Akwai Renaissance Wax, wanda aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya a shekarun 1950 don kayan ƙarfe na tarihi. Ba ya canza kala, kuma duk ranar da ka so cire shi yana fita. Ka'idar masu adana kayan tarihi ke nan, kada ka sa abin da na bayanka ba zai iya cirewa ba.

Oga Mai Fenti:
Ku dai guji duk abin da ke da silikon. Ranar da za a taɓa wani wuri da fenti, sai ya yi ta buɗe ido kamar na kifi, mu ne ke shan wahala.

Ɗan Tsokana:
Abin dariya, ana nan ana rarrashin tsohon fenti, wasu kuma suna can suna fesa sabo su bi shi da samfefa da ruwan gishiri don ya yi kama da tsoho. Duniya kenan.

Hajiya Mai Marsandi:
Ana gane su ai. Rana daga sama take ci, rufi da bonet da kafaɗun ƙofa. Su kuma sai ka ga koɗewa a ƙasan ƙofa inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Furfurar kanti daban take da ta shekaru.

Malamin Kimiyya:
Wani abu da ya sa nake son tsohon fenti, kowane zamani da nasa. Kafin 1924 fentin mota yawanci da buroshi ake yi hawa-hawa, a jira makonni ya bushe. Ford ya tsaya a kan baƙi kaɗai a Model T daga 1914 zuwa 1925. Sai kamfanin DuPont ya fito da wani fenti mai suna Duco, wanda ake fesawa ya bushe cikin awoyi, General Motors ya fara sa shi a motar Oakland ta 1924, shuɗiya. Irin wannan fentin tina, ruwan tsinka fenti, tana narkar da shi ko bayan shekara 50, yana kuma tsattsagewa kamar busasshen tabki in ya tsufa. Na Volkswagen a zamanin motar Auta gasasshe ne a tanda, ya fi tauri, shi ya sa nake sa rai zai farfaɗo. Mai ido yana kallon yadda fenti ya tsufa ya faɗa maka irinsa.

Baban Zaure:
Malam an fara lacca. Auta, je ka gwada ka dawo mana da labari.

Autan Baba:
Salam. Kwana 12 ke nan, ga rahoto.

Tsumma ya yi ja, hawa ɗaya ne. Na samu aron na'urar. Rufi, ƙofofi, bonet, duk tsakanin 105 da 140. Ƙarƙashin batir akwai tsatsa amma na caka sukudireba bai huda ba. Bututun ƙarƙashin ƙofa lafiya. Tsatsa biyu daga sama ne, ta uku a ƙasan madigadin baya na dama ta kumbura kamar yadda Oga ya ce.

Bonet na yi masa sau uku. Wallahi da na goge na farko sai da na zauna a ƙasa. Jan da na sani ina yaro ne ya fito, mai duhu. Na duba lambar kalar, L456 ce.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Wannan madigadin na dama ya nuna 380, wani wuri 900. Da na goge shi jansa ya ɗan fi sauran haske. Na tambayi Mama, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ita ce. Baba yana koya mata tuƙi kafin a haife ni, ta ja baya ta daki ginshiƙi. Ya kai aka gyara, ya ce kada a faɗa wa kowa, ita ma ba ta sake zama a kujerar direba ba. Mu duk ba mu sani ba sai yau.

To yanzu shi wannan ba na asali ba ne, kuma shi ne mai tsatsar ciki. A sake shi gaba ɗaya?

Mai Pickup 78:
Wannan kam a fesa shi, ai ba na kamfani ba ne. Madigadin Beetle ma da kusoshi yake, a kwance a yi shi a gefe.

Alhaji Mai 404:
Da jiya ka tambaye ni da haka zan ce. Yau da na ji labarin Mama, ban sani ba. Ƙungiyar FIVA ta masu tsofaffin motoci ta duniya tana da wata yarjejeniya, ta Turin, da ta fara aiki a 2013. A cikinta an ɗauki canje-canjen da mota ta samu a lokacin da ake amfani da ita a matsayin ɓangaren tarihinta, ba dole sai an mayar da ita ranar da ta bar kamfani ba. Gyaran da ya haura shekara 30 a jikinta, ni a ganina ya zama ɗan gida.

Hajiya Mai Marsandi:
Ka tambayi Mama. Madigadinta ne.

Oga Mai Fenti:
Ku tsaya in yi maganar aiki. 900 fila ce, kuma tsohuwar fila tana shan ruwa ta baya, shi ya kawo ƙurjin. Ba za a bar shi ba, ko Mama ta ce a bari. Amma ba sai an fesa duka ba. A kwance madigadin, a buɗe wurin daga ciki, a yanke ruɓaɓɓen in ya kai ga haka, a liƙa ƙarfe, a rufe bayan da kyau. Ta waje abin da za a taɓa bai fi tafin hannu ba, kuma a can ƙasa yake.

Wahalar tana wurin kala. In ka sayo L456 daga gwangwani ka shafa, zai yi tsalle ya fita daban, don naka ya sha rana shekaru. Sai an haɗa da ido, a ɗiga a ɗan ƙarfe, a bar shi ya bushe, a kara a jikin motar da hasken rana, a sake. Wani lokaci sau goma. Kuma mai hawa ɗaya za a haɗa, ba mai kiliya ba. Sauran biyun na sama, ka kankare tsatsar da bakin allura ko ɗan fensirin gilashi, ka sa maganin tsatsa, ka ɗiga faraima da fenti da siririn buroshi, iya ramin kawai.

Gaskiya fesa mota gaba ɗaya ya fi min sauƙi sau biyar a kan wannan. Shi ya sa ba ma son irinku.

Ɗan Tsokana:
Jama'a a shaida, an musuluntar da Oga 😂

Oga Mai Fenti:
Ba a yi ba. In ya kawo min ita da rufi ya huje, zan fesa ta ko Alhaji zai yi kuka.

Autan Baba:
Na tambayi Mama. Ta ce a kashe tsatsar amma a bar mata kalarta yadda take. Yaya kuma ya zo jiya ya ga bonet, ya zagaya ta sau biyu, ya buɗe ƙofar direba ya zauna, ya ɗora hannunsa a wurin. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Da zai tafi ya tambaye ni ko akwai sauran tawul, zai zo ranar Lahadi mu yi rufin.

Tambaya ta ƙarshe: in rufe ta da tamfol a garejin?

Alhaji Mai 404:
Ban da tamfol na roba, yana tara gumi a ƙasa, in iska ta kaɗa kuma yana gurzar gefuna. Mayafin auduga mai numfashi, kuma sai motar tana da tsabta. Ka sa labule a tagar nan da ta cinye bonet. Kashin tsuntsu kuma kada ya kwana, jiƙa shi za ka yi ya saki, ba kankarewa ba.

Oga Mai Fenti:
Ka turo min hoton madigadin ta ciki in kun kwance. Da rana, ba da fitilar waya ba.